Waken Kalaba Da Waken Inkil

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani magani da masu bincike ke ajiyewa a ɗakin gwaje-gwaje, sunansa eserin. Da na ji asalinsa sai mamaki ya kama ni, gama ashe ɗan ƙasarmu ne. Daga wani wake a ke samunsa, mai tsiro a wajen Kalaba, wanda Efik ke kira esere.

A zamanin dā da shi su ke shari'a. In an zargi mutum da maita, sai a ba shi ya ci. In ya yi amai ya tsira, a ce mai gaskiya ne. In ya mutu kuwa, a ce alhaki ne ya kama shi. Mishan na Sikotlan da suka sauka Kalaba a 1846 suka yi ta faɗa da wannan al'ada, suka kuma aika da waken gida. A 1855 wani babban likita a Edinbara, Robert Christison, ya ci ɗan guntu don ya ji yadda ya ke. Kai, da ƙyar ya sha! Ruwan da ya yi aski da shi ya kwankwaɗa don ya yi amai.

To, me waken ke yi wa jiki? Ga yadda na bayyana wa yara da na je koyon koyarwa. Jijiya ba ta taɓa tsoka, akwai ɗan rata tsakaninsu. In za ta ce wa tsoka ta motsa, sai ta zuba wani sinadari, asetilkolin, shi ne saƙon. Akwai kuma wani, enzayim, wanda aikinsa ke nan ya rushe saƙon nan da nan, kamar yaron da ke goge allo bayan darasi. Eserin sai ya riƙe hannun yaron nan. Rubutu ya hau kan rubutu, tsoka ta yi ta karkarwa, yawu da gumi su yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya gagara.

Wannan riƙon shi ne amfaninsa ga masana. Saƙon yakan ɓace kafin a auna shi, amma in an sa eserin sai ya tsaya. A 1921 Otto Loewi ya nuna da zuciyar kwaɗi cewa da sinadari jijiya ke magana, a 1926 ya gane abin da eserin ke hanawa. Shi da Henry Dale na Ingila suka sami kyautar Nobel a 1936.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba a Turai ya ke ba, a Inkil ya ke, nan bakin hanyar Gombe. Fiya-fiyan nan da mu ke fesa wa sauro, wanda waɗansu ke yayyafa wa wake don ƙwari, dikulobos ne a cikinsa, kuma hannun yaron nan ɗaya ya ke kamawa. Bambancin kawai, eserin yakan saki bayan 'yan sa'o'i, shi kuwa ya fi daɗewa riƙe. Ƙwaro da ɗan Adam enzayim iri ɗaya gare su, maganin bai san wanda ya saye shi ba. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015. Su suna da abin aunawa. Mu fa, da ƙannena ke sayen ƙosai kowace safiya?

Ban ga laifin manomi ƙwarai ba. Wanda ya taɓa buɗe buhu da bazara ya tarar da gari da ƙwari ya san abin da ke tura mutum. Kakata da toka da barkono ta ke ajiye nata, amma nata kwano kaɗan ne. Mai buhu goma sai buhun PICS, mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. In an ɗaure bakinsa tam, iska ta ƙare, ƙwari su mutu, ba a sa ko ɗigo.

Na yi wa Baba wannan bayani. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam ƙarami, buhun nan da tsada." Na ce zan saya masa biyu daga alawus ɗina. Ya ce to, bana zai gwada a kan wanda za mu ci a gida, na kasuwa kuwa sai ya gani tukuna.