Makullin Rediyo Yana Hannun Wa?

Ina yaro a Minna, mahaifina ba ya gaskata labari sai ya ji shi daga Rediyon Kaduna, gidan Gwamnatin Tarayya. A 1992 Janar Babangida, ɗan garinmu, ya kafa Doka ta 38, wadda ta yarje wa 'yan kasuwa buɗe tashoshinsu, ta ɗora wa hukumar NBC kula da su.

A 2025, da Gwamna Bago ya ba da umurnin rufe Badeggi FM, mu 'yan jarida muka ce wannan hurumin NBC ne. Amma da na koma gida sai na tambayi kaina: wa ke naɗa shugabannin NBC? Shugaban Ƙasa. To, jama'a, muddin makullin yana hannun masu mulki, irin mahaifina ɓangare guda kaɗai za su riƙa ji.