Gadarmu Ba Rushewa Take So Ba

Mu da muke wannan unguwa ta Hausawa a Kagoma mun san gadar nan ta dutse kamar tafin hannunmu. Ta kanta muke bi zuwa kasuwa, ta kanta yaranmu ke zuwa Islamiyya. Dattawa sun ce tun suna yara haka suka gan ta, lokacin da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kafancan wajajen 1927, shi ke ɗaukar manyan kaya. Abin da ke hawa gadar a lokacin bai wuce jaki da keke da mota jefi-jefi ba.

Yanzu fa? In kakar citta ta zo, manyan motoci ne ke zirga-zirga tsakanin Kwoi da Kafancan, ga 'yan acaba ba sa jira. Bara wata 'yarmu mai tallar fura ta haɗu da gingimari a tsakiyar gadar. Ta manne da bango, ƙwaryar ta faɗa rafi. Allah Ya kiyaye, fura kawai aka rasa, amma uwarta ta yi sati ba ta bar ta ta fita ba.

Tun ranar ake ta cewa a rushe ta kawai. Mu dai ba mu yarda ba. Ku leƙa ƙarƙashinta da rani ku gani: ginin bakan gizo ne, irin na Babban Gwani a Masallacin Juma'a na Zariya, sai dai nasa na ƙasa da azara ne. Kowane dutse na danne da ɗan'uwansa, nauyi yana sauka ta gefe biyu zuwa tushe. Abin da ke kashe irin wannan gini shi ne ruwan da ke shiga tsakanin duwatsu, da saiwar itacen da muka bari ya tsiro a jikinta. Wannan kam laifinmu ne.

Faɗi ne ba ta da shi. Magina na iya zuba kankare da rodi a samanta, ya ɗan zarce ta kowane gefe, a sami hanyar ƙafa mai shinge. In injiniya ya auna ya ce tushen ba zai ɗauka ba, sai a kafa siririyar gadar ƙarfe a gefenta.

Mun yi magana da Mai Unguwa. Za mu rubuta wa Ƙaramar Hukumar Jama'a takarda, tare da maƙwabtanmu Gwong, tunda su ma 'ya'yansu nan suke bi. Kafin nan, ranar Asabar bayan Asuba kowa ya fito da adda da shebur, mu sare itacen nan mu yashe magudanar ruwan.