Da Keke Zuwa Tudun Mambila

Mu uku ne, dukanmu malaman makarantar ekklisiya. Da aka rufe makaranta a watan Disamba na 2022, muka ɗaura kaya a kan kekunanmu, muka tashi daga Jalingo za mu Gembu, can bisa tudun Mambila a Jihar Taraba. Iyalinmu ba su so ba. Uwargidan babbanmu ta ce, "Malam, mota ma da ƙyar take hawan dutsen nan, balle kai da furfurarka." Muka yi musu alkawari za mu komo lafiya kafin Kirsimeti.

Muka bi ta Garba Chede da Bali har Serti. Kowace safiya sai mun tambayi direbobi labarin hanya tukuna, ba mu kuwa yarda rana ta faɗi muna bisa keke ba. A Serti ne ofishin Gandun Dajin Gashaka-Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun daji na tarayya girma a Nijeriya. A gefensa, kan iyakar Kamaru, akwai Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419.

A Mayo Selbe, gindin tudun ke nan, muka tsaya wurin wani tsoho mai gyaran keke. Ya ɗaga kekunanmu ɗaya ɗaya, ya kaɗa kai, ya ce, "'Ya'yana, ƙaura za ku yi?" Ya sa muka bar masa ajiyar babbar tukunya da rabin garin da muka ɗauko. Muka riƙe ruwa, da bargo, da famfo, da kayan faci, da sifana. Sa'an nan ya duba birki, ya ce, "Hawa gajiya ce kawai. Gangara ita ke kai mutum asibiti." Mu biyu muka sake robar birki. Ƙaraminmu ya ce tasa da saura, kuɗin ya fi amfani a abinci.

Hawan kuwa ba a magana. Hanya ta yi ta murɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Inda ƙafa ta kasa taka feda muka sauka muka tura. Da muka kai Maisamari sai muka ga wata duniya dabam: tuddai masu ciyawa har iyakar gani, garkunan shanun Fulani, da layukan itatuwan zaiti. Tudun yana wajen mita 1,600 bisa teku. Zafi kuwa yakan ragu kamar digiri 6 a kowace mita 1,000 da mutum ya hau, shi ya sa daren nan bargo bai ishe mu ba.

Muka wuce Nguroje, muka ratsa muka ga gonakin shayi na Kakara, muka isa Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna. Dā yankin nan yana cikin Kamaru ta Arewa wadda Ingila ke riƙo. A 1961 aka jefa ƙuri'a, ya shiga Nijeriya. A kasuwa Fulatanci ya fi Hausa tafiya, amma ba mu rasa mai ba mu masauki da ruwan zafi ba.

A komowa ne maganar tsoho ta cika. Muna gangarowa zuwa Mayo Selbe, ƙaraminmu yana gaba, iska tana masa daɗi. Ku lura, masu karatu: in mutum ya matse birki bai sake ba a doguwar gangara, wili yakan yi zafi ƙwarai, roba ta daina kamawa sosai, tif ma yakan fashe. Robarsa ga ta ta cinye. A wata kwana keken ya ƙi tsayawa, sai ya zaɓi gefen dutse, ya faɗi a can. Da ya karkata ɗaya hannun, da labarin nan ya zama dabam. Ya karye a hannu. Wata motar kaya ta ɗauke shi zuwa Serti, aka ɗaure.

Muka ƙarasa gangarar a hankali, muna kama birki muna sakewa, muna tsayawa wili ya huce. Muka karɓi tukunyarmu wurin tsoho. Da ya ji labari bai ce komai ba, ya dai miƙo mana roba biyu, ya ce mu kai wa yaron.

Mun isa gida kafin Kirsimeti, amma rabin alkawari muka cika. Laifin kuwa ba na ƙaraminmu kaɗai ba ne, gama mu manya mun ji gargaɗin, muka ƙyale shi domin kada a ce mun cika faɗa. Wanda duk ke shirin irin wannan tafiya, ya rage kaya, ya sake robar birki a gindin dutse, ya kuma duba ta ɗan'uwansa.