Kafin ka zargi kyamararka, yi wa idonta inuwa (zare)

1/ Duk mai ɗaukar hoto a yankinmu ya san wannan ciwon: ka ɗauki mutum da la'asar, ka duba, sai ka ga hoton ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Baƙar shadda ta koma ruwan toka, fuska ta dushe. Nan take sai a ce kyamarar ce ta tsufa. Galibi inuwa kawai take nema.

2/ Ni ɗan Diggi ne, a ƙaramar hukumar Kalgo. In an yi hutun makaranta hoton biki da suna nake ɗauka, da shi nake haɗa kuɗin mota da na takardu. Hoto ya lalace, cikon kuɗinka ya tafi. Abin da ya fi ciwo, tsohuwar da ta taso daga ƙauye ba za ta sake zama maka ba.

3/ Taronmu a waje ake yi, yawanci bayan la'asar. Ka sa mutane su fuskanci rana, kowa ya runtse ido. Ka juya musu baya gare ta, ita kuma ta fuskanci gilashinka. Da hunturu abin ya fi muni, don hazo na sa sararin sama gaba ɗaya ya zama fitila.

4/ Hasken da ba ya cikin hoton ne ke shigowa ta gefe, ya yi ta karo tsakanin gilasan da ke cikin idon kyamara, ya bazu a kan komai. Kowace fuskar gilashi marar shafe tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske. A 1935 aka ƙirƙiro shafen rage wannan a kamfanin Zeiss na Jamus. Ya rage sosai, amma bai kawar ba.

5/ Waɗanda suka fi kowa sanin maganin su ne masu babbar kyamara ta da: akwati kan ƙafa uku, mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Fim ɗinta falle-falle ne, inci 4 da 5, ko 8 da 10. Mai inci 4 da 5 kaɗai ya ninka fim ɗin 35mm fiye da sau 13.

6/ Da irinta Seydou Keïta ya yi suna a Bamako. Ya buɗe shagonsa a 1948, yana aiki da hasken rana a tsakar gida, kan fim mai santimita 13 da 18. A Najeriya akwai Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, da ya buɗe nasa a 1942. Falle ɗaya hoto ɗaya, kuma kuɗi ne. Babu "bari in sake" sau goma.

7/ Akwai wani dattijo a Birnin Kebbi da har yanzu tasa ke ajiye. Baba ya bar ni na sa kai cikin ƙyallen. Hoton a kife yake fitowa a gilashin baya. Sai ya ɗaga malfarsa sama da idon kyamarar, ina kallo wallahi launi ya dawo kamar an wanke gilashin. Ya janye, hazon ya koma.

8/ Babbar kyamara ta fi buƙatar inuwa saboda idonta na jefa da'irar haske da ta fi fim ɗin faɗi. Rarar tana faɗawa jikin fatar nan mai naɗewa kamar zugazugin maƙera, wadda ta haɗa gaba da baya, daga nan ta dawo kan fim.

9/ Masu ita zaɓi uku ne da su. Na farko rumfa mai zagaye da ake murzawa a bakin gilashi. Tana da araha. Matsalarta, a babbar kyamara ana iya ɗaga gilashin sama ko a gusar da shi gefe, don gini ya fito a miƙe. Da an gusa, rumfar sai ta fara cin kusurwar hoto.

10/ Na biyu rumfa mai kusurwa huɗu, ita ma mai naɗewa. Kana jawo ta ko ka tura ta daidai da gilashin da ka sa, kuma siffarta ta dace da ta fim. Ita ta fi aiki, ita ta fi tsada da nauyi, iska kuma na kama ta.

11/ Na uku irin na Baba: malfa, tafin hannu, ko baƙin murfin da ake zarewa daga gidan fim. Kyauta ne, amma ɓangare ɗaya kaɗai yake tarewa. Ranar hazo, da haske ke zuwa ta ko'ina, sai rumfar da ta kewaye ido duka.

12/ Dokar zaɓe ɗaya ce: rumfa ta yi zurfi iyakar yadda za ta iya ba tare da ta shiga hoto ba. Gajera ado ce kawai, mai tsawo da yawa na baƙanta kusurwa. Shi ya sa ake yanke kusurwoyin gilashin baya, mai hoto ya leƙa ta nan ya ga ko wani abu ya tare ramin haske.

13/ Mu masu Canon da Nikon na hannu: gilashi mai ɗaukar fili yana son gajerar rumfa, mai jawo nesa yana son mai zurfi. Rumfar 18-55mm an yanka ta ne don 18, to in ka jawo zuwa 55 ƙara da hannunka. Cikinta ya zama baƙi marar ƙyalli. Kuma don Allah a daina barin ta a juye ana aiki.

14/ Masu waya ma kuna ciki. Goge gilashin tukuna, maiƙon yatsa na ƙara hazo. Sai ka kifa tafin hannu sama da shi, kana saukarwa har ya leƙo a allo, ka ɗan ɗaga. Ko ka tsaya a inuwar dogon yaro, mutanen su tsaya inda kake so.

15/ Amma fa in ranar kanta na cikin hoton, babu rumfar da za ta cece ka. Gusa taku biyu, ko ka jira ta faɗa bayan katanga.

16/ Abin da ke damuna, hirarmu kullum megafiksel ce da sabuwar iPhone. Manhajar gyara na iya ƙara duhu, amma zaren aikin babbar riga da haske ya wanke ba ya dawowa yadda yake. A gidajenmu da yawa hoton kaka guda ɗaya ne tak, shi ake nuna wa jikoki bayan ta rasu. Wanda ya ɗauke shi ya tsaya ya yi wa gilashinsa inuwa.

17/ Gobe da la'asar ku gwada: hoto biyu a wuri ɗaya, ɗaya haka nan, ɗaya da hannu sama da gilashi. Ku ajiye min su a ƙarƙashin wannan zaren mu gani. 'Yan Kalgo da Gwandu, ku nake fara jira.