Hannun Ummata

Duk wadda ta taɓa yaba kitson da ke kaina a makarantar nan, to ta sani aikin Ummata ne. Da kitso take sayen sabulu, da shi take saya mini littafi. Shi ya sa da yatsunta suka fara kumbura, ina aji uku a lokacin, hankalin gidanmu duka ya tashi.

Da asuba abin ya fi tsanani. Takan farka yatsun hannu biyu a sandare, ko buta ba ta iya ɗauka, ni nake zuba mata ruwan alwala. Sai hantsi ya yi sannan su ɗan saki. Gwaggo ta ce sanyi ne, a daina wanka da ruwan randa. Wata maƙwabciya ta rantse sammu ne, wai masu kitson unguwa na baƙin ciki. An sha jiƙe-jiƙe, an yi tsaga, shiru.

Sai wani mai kemis ya ƙulla mata haɗin ƙwayoyi a leda. Kwana biyu zafin ya ɗauke, muka yi ta murna. Ashe akwai ƙwayar sitiroyid a ciki. Bayan wata biyar fuskarta ta cika, mutane suna cewa, "Kai, Hajiya, kin yi ƙiba, hutu ya karɓe ki!" alhali illar maganin ce.

Daga baya aka tura mu asibitin koyarwa, wurin likitan cututtukan gaɓoɓi. Abin da ya burge ni, bai yi saurin rubuta magani ba. Ya danna gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga masu kumburi, ya tambayi minti nawa take yi da safe kafin hannun ya saki, sannan ya sa a gwada jini a kuma ɗauki hoton hannu. Da sakamako ya fito ya ce amosanin gaɓoɓi ne irin na rumatoyid. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce ta juyo tana cin shimfiɗar da ke cikin gaɓa. Ya ce ya fi kama mata, kuma ba sai tsofaffi ba.

Umma ta ce, "Likita, zan warke?" Ya ce ciwon ba ya tafiya gaba ɗaya, amma ana kwantar da shi. Ta yi shiru har muka hau Keke.

Maganinta metotirezet, sau ɗaya kawai a mako. Wanda ya sha shi kullum zai iya rasa ransa, don haka ni ce mai tsaronsa. Duk Juma'a bayan sallar isha nake ba ta, in ja layi a kalanda, washegari kuma folik asid. Ƙwayar mai kemis ma a hankali aka janye ta, don ba a yanke ta farat ɗaya. Sai da aka kusa wata uku kafin mu ga canji, har Baba ya fara cewa an yi asarar kuɗi.

Yatsu biyu na hannun dama sun riga sun karkace a shekarar da muka ɓata, ba za su miƙe ba. Amma ta koma kitso, kai biyu a rana maimakon biyar, ƙananan kitso kuma ta bar mini.

Malam, in ka ga kujerata babu kowa ranar Talata mai zuwa, mun tafi gwajin jini ne, don a duba hantarta.