Jiragen Gwanjo da Yaƙin 1948

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, kayan yaƙi sun yi wa Amurka yawa. Jiragen sojan da suka gama aiki suna jibge a filaye, gwamnati tana sayar da su gwanjo a farashin banza. A wannan kasuwa ce aka shirya wani ɓangare na yaƙin Falasɗinu tun ba a buga shi ba, kuma labarin da Boaz Dvir ya bi ke nan a fim ɗinsa na tarihi, A Wing and a Prayer, wanda ya fito a 2015.

A ranar 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a raba Falasɗinu gida biyu. Wata bai cika ba Amurka ta hana kai makamai yankin. Al Schwimmer, Bayahuden Amurka kuma injiniyan jirgi a kamfanin TWA, ya yi biris da dokar. Ya sayi jiragen dakon kaya samfurin C-46, ya tara tsofaffin matuƙan soja, ya fake da wani kamfanin sufuri na ƙasar Panama ya fitar da su.

Zangonsu shi ne garin Žatec a Chekoslovakiya, ƙasar da ta yarda ta sayar wa Yahudawa makamai da sanin Tarayyar Sobiyat. Daga can suka riƙa kwaso bindigogi ƙirar Jamus, da jiragen yaƙi Avia S-199 a kwakkwance, a haɗa su bayan an sauke. Kwana 15 da ayyana ƙasar Isra'ila, ranar 29 ga Mayu 1948, huɗu daga cikin jiragen yaƙin suka far wa ayarin sojan Masar kusa da Isdud.

Hukuncin keta dokar Amurka bai taka kara ya karya ba. A 1950 kotu ta ci Schwimmer tarar dala 10,000, ya tafi Isra'ila ya kafa kamfanin jiragen saman ƙasar, Shugaba Clinton kuma ya yafe masa a 2001. Abokin aikinsu Charles Winters ne ya sha ɗaurin wata 18.

Fim ɗin yana tare da masu jigilar, mutanen da kisan Yahudawa miliyan 6 a Turai bai bar su sun runtsa ba. Wannan ciwo na gaske ne. Amma makaman a kan mutane suka sauka: Falasɗinawa wajen 700,000 suka rasa gidajensu a wannan yaƙi, jikokinsu na sansanoni har yau. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Ɓangare ɗaya ya tanadi kuɗi, jirage da hanya, ɗayan yana jiran alkawarin sarakunan Larabawa da kansu ba a haɗe yake ba. Duk mai kallon fim ɗin ya kamata ya nemi labarin ƙauyukan da aka tasa, domin rabin tarihin yana can.