Daga Zindar zuwa garin ƴan zindir

Yayata Hajiya ce ta ɗora mini wannan tafiya. Ni abin da ya kai ni Faransa a watan Yuli na 2019 taro ne na malaman makaranta a Paris, kwana biyar, in gama in juyo gida. Ana gobe zan tashi sai ga ta a gidana a unguwar Birni, da ƙullin kuka da garin yaji, da wata leda da ta riƙe a ƙirji kamar jinjiri. Ɗinkin Babbar Salla ne ta yi wa autanta Lawali, wanda ke karatu a Bordo: farar shadda, riga da wando, da hula.

"Ka kai masa hannu da hannu," in ji ta. "Ka ga inda yake kwana, ka ga abin da yake ci. Ya ce mini yana aikin hutu a bakin teku, amma duk sanda na tambaye shi wane irin aiki, sai ya ce layi ba kyau. Ka ɗauko mini hotonsa."

Hanyar Yamai ba sai na tsaya ba ku labarinta ba. Kusan kilomita 900 ne, bas ta ɗauke ka da asuba, Takeita, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ka sauka da dare ƙafafu sun kumbura. Abin da ya tsaya mini a rai jirgin ƙasan da na hau daga tashar Montparnasse bayan an tashi taro. Tsakanin Paris da Bordo ya fi nisan Damagaram zuwa Ƙonni, amma awa biyu da ƴan mintoci ya sauke mu, shayin da na saya ma bai gama hucewa a cikina ba. Daga can na hau wani ƙaramin jirgi mai tsayawa kowane ƙauye, ya ratsa gonakin inabin Medok, layi-layi kamar an ja su da igiya, har Lesparre. Sai mota kuma, cikin dajin wasu dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, har wani ɗan gari da ake kira Montalivet.

Lawali na jira na a tasha. Ya rusuna ya gaishe ni, ya karɓi jaka, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar uwarsa. Na lura yana jan gaisuwar fiye da kima. Da muka zauna cin abinci sai ya sunkuyar da kai.

"Kawu, akwai maganar da ban iya faɗa wa Inna ba."

Gabana ya faɗi. Na ce a raina shi ke nan, ko ya yi aure a ɓoye, ko an kore shi daga jami'a.

"Inda nake aikin nan, mutanen wurin ba sa sa tufafi."

"Talakawa ne?"

"A'a, Kawu. Likitoci ne da injiniyoyi da ƴan fansho. Biya suke yi don su tuɓe."

Ya ce shi a kicin na wani gidan abinci yake, yana wanke kwanuka da yanka albasa, da rigarsa da wandonsa da ƙyallen aiki a gaba, haka ma sauran abokan aikinsa. Sannan ya ɗago, dariya na neman kuɓuce masa, ya ce: "Ranar da na fara, wani ya tambaye ni daga ina nake, na ce daga Zindar. Sai na duba mutumin da ke tambayar, ga shi zindir. Kawu, sai da na shiga bayan gida na yi dariyata ta ishe ni."

Wurin sunansa Centre Hélio-Marin, wato cibiyar rana da teku, kuma ba jiya aka kafa shi ba. Wani Albert Lecocq da matarsa Christiane ne suka buɗe shi a 1950, shekara goma kafin Nijar ta samu ƴancin kai, kuma a nan aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan ra'ayi a 1953. Yau gari ne sosai a cikin daji, da shaguna da gidajen katako da hanyoyin keke, dubban mutane ke cika shi lokacin zafi, Faransawa da Jamusawa da ƴan Holan. Gaba kaɗan ta arewa akwai wani makamancinsa, Euronat. Lawali ya ce yawancinsu iyalai ne masu dawowa kowace shekara, wasu tun zamanin kakanninsu ɗaki ɗaya suke kamawa. Kuma suna da sunan da suke kiran irinmu masu sutura: textile, wato yadi. Ni da na tsufa ana ce mini Malam, ran nan na wayi gari ni yadi ne.

Ban shiga cibiyar ba, ba a ma shiga sai da rajista. Amma gaɓar teku a Faransa ta kowa ce, mai tafiya a bakin ruwa ba a tare shi. Da la'asar na ce wa Lawali mu je in ga teku, don ban taɓa tsayawa gabanta ba, daga tagar jirgin sama kawai na san ta.

Sai mutumin Damagaram zai gane abin da na ji da muka hau tudun rairayi na hango ta. Mu da muka girma muna jiran famfo ya kawo da tsakar dare, muna bin ƴan garuwa da rarrashi a watan Afrilu, muna jin sunayen Gogo da Arunguza kamar sunayen waliyyai saboda daga can ruwan gari ke zuwa. Ga ruwa nan iyakar ganinka, yana ruri kamar ana jan manyan motoci, kuma ko kurɓa ɗaya ba ta shayuwa. Na ɗiba da tafin hannu na ɗanɗana, na tofar. Gishirin Bilma albarka. Na tuna karatun zaure, inda malam ya ce mana ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, muna gyaɗa kai alhali ko tabkin da ya wuce ƙirji ba mu taɓa shiga ba. Na naɗe hannun riga na yi alwala. Shekara arba'in tsakanin karatun da aikin.

Muka miƙa kudu a kan jiƙaƙƙen rairayi. Muka wuce wasu dunƙula-dunƙulan siminti da sojojin Jamus suka gina lokacin yaƙin duniya na biyu, yau sun karkace, teku na cin gindinsu. Lawali ya nuna mini tutocin da masu ceto ke kafawa, tsakaninsu kaɗai ake wanka, domin a wannan gaɓa akwai kwarin da ruwa ke taruwa in teku ta janye, in ya tashi komawa sai ya ja mutum ya yi ciki da shi, ko gwani ne. Can sai ga allo a kan sanda. Lawali ya tsaya.

"Kawu, daga nan ne. Mu juya?"

Tsakanin kawu da ɗan ƴar'uwa akwai wasa, amma akwai iyaka. Na ce masa ya zauna nan ya jira ni. Yaya ta ce in gani, kuma ba zan koma in ba da labarin abin da aka ba ni labari ba.

Na taka kamar mita ɗari uku, ina sanye da shuɗiyar shadda da hula, takalmi a hannu, idona a kan yatsun ƙafata. Ba zan siffanta muku jikin kowa ba, na kawar da kai gwargwadon iko, kuma abin da ido ya tsinta bisa kuskure bai wuce abin da mai wankan gawa ya sani ba: ɗan Adam fata ne da tumbi da tabon aikin likita. Abin da ban zata ba shi ne shirun wurin. Na zo da tunanin zan tarar da masha'a, irin abin da ake faɗa a majalisa in an tashi zagin Turawa. Sai na tarar da tsofaffi na karatun jarida, wata tana saƙa, wasu na jifan ƙwallayen ƙarfe suna gardamar wanda ya fi kusa. Ba kiɗa, ba ihu. Kuma ba wanda ya dube ni, ni da na fi kowa zama abin kallo a wurin. A Kasuwar Dole in Bature ya ratsa da gajeren wando, sai an raka shi da ido har ya ɓace.

Iska ce ta cire mini hula. Ta gangara ta tsaya gaban wani dattijo mai farin gemu, ya ɗauka ya kakkaɓe. Da ya ga yadda na daskare na juya fuska, sai ya jawo tawul ya ɗaura a ƙugu kafin ya miƙo mini. Wannan abu ya burge ni, na kuma gode masa. Ya tambayi ƙasata, muka tsaya hira. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya ce ya fi shekara talatin yana zuwa. Ya lissafa mini ƙa'idojinsu: ba a zama a kujera sai an shimfiɗa tawul, ba a ƙura wa mutum ido, wanda ya yi abin banza ana fitar da shi, kuma ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa. Sannan ya kawo hujjarsu babba. Ya ce tufafi ne ke raba mutane, in an tuɓe ba ka sanin wane ne darakta wane ne lebura.

A nan bai yi ƙarya ba, kuma ba mutumin Damagaram za a koya wa wannan ba. Garinmu da tufafi ya yi arziki. Turkuɗi da baƙin yadin marinar Kano ta unguwar Zango suke bi su haura Agadas har Tarabulus tun zamanin Sarki Tanimu. Ranar hawan salla a ƙofar fada ba ka bukatar mai gabatarwa: alkyabba ta faɗa maka wane ne, naɗin rawani ya faɗa maka ɗan wane ne, jar rigar dogari ta ce maka matsa. Sai dai na ce masa mu ma muna da wurin da ake shafe wannan bambanci, a Arfa, inda sarki da bara ke tsayawa cikin ƙyalle biyu farare marasa ɗinki, ba tare da an kai ga tuɓewa ba. Na ƙara da cewa, cikin raha, ko a nan ɗin na ga agogon da ya fi albashina na shekara a hannun wani wanda ba ko zare a jikinsa. Ya yi dariya har tawul ya nemi kwancewa, na yi sauri na yi masa sallama.

A hanyar komowa maganar hoton nan ce ta riƙa yi mini yawo a kai. Na taɓa ganin katunan gidan waya na farkon mulkin mallaka, irin waɗanda wani mai hoto Fortier ya buga da yawa a Dakar: matan Afirka ta Yamma ƙirji a buɗe, an tsayar da su gaban na'ura, an rubuta sunan ƙabila a ƙasa kamar sunan tsuntsu. Sojoji da ƴan kasuwa na aikawa gida don a ga irin mutanen da aka zo wayarwa. Ba na jin an nemi izinin ko ɗaya daga cikinsu. Kakannin Faransawan nan na bakin teku sun shiga Damagaram a 1899 da kaki da maɓallai har wuya, suna auna wayewa da yawan yadi. Jikokinsu sun tuɓe, sun sa wa abin suna mai daɗi, sun kafa doka kada a ɗauke su hoto. Kuma a Faransar nan dai, a 2016, wasu magadan gari a gaɓar kudu, har da na Cannes, suka hana mata Musulmi shiga ruwa da rigar wanka mai rufe jiki, sai da babbar kotun harkokin mulki ta dakatar da irin wannan doka.

Kada kuma mu cika baki. Kakana na wajen uwa, a wani ƙauye kusa da Mirya, da walkin fatar akuya yake noma har ya tsufa, rigarsa ɗaya ce, ta Juma'a da suna. Ƴan kokawarmu da muke cika fili don kallonsu ba da babbar riga suke shiga ba. Amma walkin nan, komai ƙanƙantarsa, bai taɓa sauka a gaban mutane ba. Da na so in fassara wa dattijon kalmar sutura, Faransancina ya gaza. A wurinmu kalma ɗaya ce ga riga, da rufin asirin da muke roƙon Allah, da abin da ake yi wa mamaci a ranarsa ta ƙarshe. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi taka ka ɗaura. Ba su faɗi abin da za ka yi ba in ka tarar kowa ya cire.

Na iske Lawali inda na bar shi, ya haƙa rami da ƙafa don zullumi.

"Kawu, za ka faɗa wa Inna?"

Na tambaye shi nawa ake biyan sa. Ya faɗa. Wata biyu na wanke kwanuka na biya masa hayar ɗaki na kusan rabin shekarar karatu. Na tambaye shi salla, ya ce a bayan ɗakin ajiya yake yi, mai kicin ɗin ma ya san lokutan. Rana ba ta faɗi ba sai wajen goma saura na dare, ta nutse cikin ruwa ja wur, muka yi magariba a kan rairayi, can gefen ƴan yadi.

Da safe na sa shi ya saka shaddar. Ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa, ya rame. Na tsayar da shi gaban itatuwan nan, na duba bayansa da kyau, hagu da dama, na tabbata ba mai wucewa a keke, sannan na ɗauka na aika. Ko minti biyu ba a yi ba waya ta yi ƙara.

"Ka gan shi? Yana lafiya? Mutanen wurin fa, masu mutunci ne?"

"Ba ruwansu da kowa, Yaya. Ko ido ba sa ɗaga wa mutum."

"Alhamdu lillahi. To rigar fa, ta yi masa?"

"Ta yi. Duk garin ba wanda ya kai shi sutura."